Jirgin da Kaka Mir Alam Ya Harbo

Bradford, Ingila
Janairu 1976

Gwaggo Zarghuna,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ke da Kaka Mir Alam da ɗanki Turyalai. Yaya tarin Kaka da wannan sanyi? Ni ƙalau nake, sai ƙurar ulu ta masaƙa da ke sa ni atishawa. Ki gaida min babana Gul Mast. Na san ke kike karanta masa wasiƙuna, to wannan karon ki tsaya a nan, ki ce masa ina salla, ban fara shan taba ba. Sauran maganar taki ce.

Akwai wani tsohon Bature a layinmu, Mista Haliwel. Da ƙuruciyarsa makanikin jiragen soja ne a ƙasarmu, ya zauna Risalpur da Kohat, har yanzu in ya gan ni sai ya gaishe ni da harshenmu a karkace. Matarsa ta mutu, 'ya'yansa ba sa leƙo shi. Abin da ya rage masa hotunan tsofaffin jirage ne, irin masu fiffike biyu ɗaya bisa ɗaya, akwati-akwati. Shi da wasu tsofaffi irinsa suna musayarsu ta gidan waya. Kowane jirgi yana da lamba a wutsiya, da ita suke bin sawunsa: inda aka haɗa shi, inda ya yi aiki, inda ya ƙare.

Na ba shi labarin da kowane yaro a Darwazai ya haddace. Yadda jirgi ya zo ya jefa bom a gidan kakana Shah Wali, ya kashe shi da matarsa da 'yarsu, babana ya tsira don maƙwabciya ta tafi da shi rafi. Yadda Kaka Mir Alam, yana saurayi, ya hau tudu da bindiga ya harbo jirgin, ya rama wa ɗan baffansa. Na ce masa har hoto muna da shi a zauren gidanku, jirgin ya kafe hanci a ƙasa, Kaka yana tsaye kusa da shi.

Ya ce, "Wa ya ɗauki hoton?"

Na ce mai hoton Bannu ne, da ya biyo waɗanda suka zo karɓar matuƙin. Ya ce yana so ya gani. Don Allah Turyalai ya kai shi Bannu a yi min kwafi. Ina so Turawan nan su san irin mutanen da na fito cikinsu.

Ɗanki,
Baryalai

*

Darwazai
Fabrairu 1976

Ɗana Baryalai,

Wasiƙarka ta iso, mun gode Allah da jin lafiyarka. Tarin Baba ya yi sauƙi tunda na hana shi shaƙar hayaƙin zaure. Turyalai yana nan da babbar motarsa tsakanin Bannu da Kohat. Ni kuma ɗakin shan magani ya cika da masu ciki, kamar duk matan garin sun yi shawara. Babanka lafiya lau, yana cikin gonarmu yana yi wa itatuwan rumman aski. Kunnensa na hagu dai ka san shi, sai an yi ihu.

Ga hoton nan. Turyalai da kansa ya riƙe shi a cinya har Bannu, bai yarda ya bar shi a shagon ba. Da na gaya wa Baba abin da kake so sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Ki ce masa ya gaya wa Baturen, in ƙarfen jirginsu yake nema ya makara, tuni muka yi kaskon gurasa da shi."

Na ji daɗi da ka tuna da mu. Wasu in sun ga titin Ingila sai su manta gidan da ya ɗauki ubansu yana ɗan shekara huɗu, ba riga ba wando, ya ciyar da shi, ya yi masa aure, ya sa ɗansa a makaranta. Ban ce kai ne ba. Ka riƙa sa rigar sanyi.

Gwaggonka,
Zarghuna

*

Bradford
Afrilu 1976

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Ki yi haƙuri da jinkiri, aikin da kika ba ni a hannu ne ya cinye ni.

Mista Haliwel ya sa gilashin ƙara girma a kan wutsiyar jirgin, lambar ta fito: 6183. A fiffiken ƙasa na dama kuma akwai wani baƙin faci mai siffar tafin hannu. Ya rubuta wa abokansa, hotuna suka fara zuwa. Na sako miki kwafin uku.

Na farko tashar jiragen ruwa ta Karachi ce. Jirginmu yana cikin dogon akwatin katako, leburori suna jan sa, lambar a rubuce a jikin akwatin. Na biyu Risalpur ce, yana jere da 'yan'uwansa, sabo fil, ba faci tukuna. Ashe jikinsa duk katako ne da zane, Gwaggo. Na tambayi Mista Haliwel ko za a iya yin kasko da shi, ya ce sai dai a yi itacen girki.

Na uku shi nake so ki kai bakin ƙofa ki duba da hasken rana. Hoton zaurenku ne, sak. Hancin a ƙasa, farfela a karye, Kaka da rawaninsa da bindigarsa. Amma wannan ba a yanke masa gefe ba. Ki dubi hagu, za ki ga tantuna da waya mai ƙaya. Ki dubi dama, za ki ga Turawa uku a kan durom suna shan shayi, ɗaya ya ɗaga kofi yana dariya. Wannan ba tudun Darwazai ba ne, filin jirgin sojoji ne. Mista Haliwel ya ce iska ce ta bugi jirgin wajen sauka, ya sha ganin irin haka, a gyara a tashi. Kuma an gyara shi, don yana da hotonsa a sama bayan shekara biyu.

Ni ban ce komai ba. Tambaya kawai nake: me mutumin da ya harbo jirgi yake yi a cikin wayar sojoji, da bindiga a kafaɗa, ba wanda ya damu da shi? Ke da kika yi karatu a asibiti, ki taya ni fahimta.

Ki gaida Kaka. Ki ce masa Baturen ya yaba tsayuwarsa.

Baryalai

*

Darwazai
Mayu 1976

Baryalai,

Muna lafiya. Zafi ya shigo, yara suna ta zawo.

Na karanta wasiƙarka na ji kunyar tawadar da na ɓata a kanka. Wato ka roƙe ni hoton ubana da murmushi don ka kai wa wani tsohon da ya zuba wa jiragen da suka kashe mu mai. Shi ne yanzu malaminka. Mutanen da suka iya haɗa jirgi, haɗa hoto biyu zai gagare su?

Kuma ko filin jirgi ne, sai me? Wataƙila kama shi suka yi suka kai shi can. Wataƙila bayan sulhu ne. Ban nuna masa ba, ba kuma zan nuna masa ba. Mutum ne mai shekara saba'in da wani abu, da safe sai na ɗaga shi kafin ya zauna.

Na san abin da ke cin ka. Tun kana ƙarami kake kallon gonar rumman ɗin nan da gefen ido. Uwarka, Allah Ya jiƙanta, ita ta zuba maka wannan a nono. Zagin tsoho daga bayan teku, a cikin ambulan, a hannun mace, ba wuya. In kai namiji ne, maganar nan a zaure ake yin ta, gaban maza.

Zarghuna

*

Bradford
Yuni 1976

Gwaggo,

Na gode da addu'ar da kika yi wa uwata. Ina fatan zawon yara ya tsaya.

Kin ce kama shi suka yi. To ga hoto na huɗu, ya zo daga wata gwauruwa a kudancin ƙasar nan, mijinta ne matuƙin. Jirgin ya warke, sabuwar farfela, facin nan mai siffar tafin hannu yana wurinsa. Matuƙi yana gaba. A kujerar baya akwai mutum da hular fata, ya ɗaga tabarau zuwa goshi, yana dariya har haƙorinsa na gaba mai gibi ya fito. Ki je ki sa Kaka dariya, ki dubi bakinsa. Ban taɓa ganin ɗan kurkuku mai farin ciki haka ba.

Na biyar daga sama aka ɗauke shi. A kusurwa ga bakin fiffike da facinsa. A ƙasa ga rafinmu inda ya yi gwiwa, ga masallaci, ga tsohuwar maƙabarta. Gidaje suna nan kamar ƙwayar masara, duk iri ɗaya, Bature ba zai taɓa bambance su ba. Amma gida ɗaya ne kawai yake hayaƙi. Mista Haliwel ya ce haka suke yi, in suna neman wani gida sai su ɗauki ɗan gari a baya ya nuna da hannu. Da ya faɗa bai iya kallona ba. Ya tashi ya ce zai dafa shayi, ya daɗe bai dawo ba.

Kin ce ina kallon gona da gefen ido. Ba gonar nake kallo ba, Gwaggo, mutumin da ke cikinta nake kallo. Gonar ubansa ce, yana noma ta a matsayin bara. Kowace Salla Kaka zai zauna ƙarƙashin hoton nan ya ba baƙi labarin harbin, babana yana durƙushe yana zuba musu shayi, in an zo wurin da aka ce "na rama wa marayan nan" sai a nuna shi da haɓa, shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce ya gode. In baƙi sun ƙoshi, mu ci saura a bakin ƙofa. Kin tuna ranar da na taɓa gilashin hoton da yatsa kika doke min hannu da ludayi? Kin ce hannuna da datti.

Ki nuna masa. Ina so in ji abin da zai ce, daga alƙalaminki. Ina jira, amma ba zan jira har abada ba.

Baryalai

*

Darwazai
Yuli 1976

Ɗana,

Allah Ya sa wannan ta same ka lafiya. Ruwa ake ta yi ba ƙaƙƙautawa, an ce gadoji suna karyewa a ƙasa. Ka karanta a zaune.

Na nuna masa. Bayan la'asar, ba kowa a zaure, na miƙa masa na huɗun. Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Hular nan ta yi min kaɗan. Kunnena ya yi mako yana ciwo."

Na ce, "Baba, kai ne?"

Ya ce, "Wa kike gani?"

Na ba shi na biyar. Ya bi rafin da yatsa har ya kai kan hayaƙin. Ya ce, "Turawa suna neman waɗanda suka kai wa sansaninsu hari. Na ce suna gidan Shah Wali. Sun watsa takardu kowa ya fita, shi ya ƙi fita. Taurin kai ne da shi."

Na ce, "Suna gidan nasa?"

Ya ce, "Ya tare min ruwan gona ranar da rabona ne, na yi magana, ya mare ni gaban mutane. Ke ba a haife ki ba, ba ki san komai ba." Ya miƙo min hotunan. "Na ciyar da ɗansa fiye da shekara hamsin. Nuna min wanda ya yi wa maƙiyinsa haka. Kawo min maganina."

Na kawo masa. Hannuna ne ya auna, ya sha, ya yi barcinsa.

Washegari na sami babanka a gona yana gyara hanyar ruwa. Na tsaya ta kunnensa mai ji, na fara magana, na fito da ambulan. Bai karɓa ba. Ya goge hannu a riga ya ce, "Zarghuna, mayar. Na sani."

Kakata ce ta gaya masa, uwar Baba, da ciwon ajali ya kama ta. Kai kana cikin zanin goyo a lokacin. Ya ce min, "Na shiga ɗaki na ɗauki Baryalai na zauna da shi. Na ga in na kashe Mir Alam, naku za su kashe ni. Yaron nan ya tashi ya kashe naku, a kashe shi. Sai na ajiye shi na koma na ɗora ruwan shayi. Muddin ba a faɗe ta a zaure ba, ba wanda zai yi min gori, ba abin da ya hau kaina. Ki rubuta masa ya ƙone su. Ki ce ubansa ne ya ce."

Baryalai, na faɗa maka maganganu a wasiƙata ta baya da zafin rai. Na janye su, har da na uwarka. Kai ne da gaskiya, ni ce na yi shekaru ina goge ƙurar ƙarya da gefen mayafina. Baba ba zai daɗe ba, ƙirjinsa na sani. In ya tafi, Turyalai ne magaji, kuma yana jin maganata. Gonar za ta koma ga babanka da sunan kyauta, ba wanda zai tambayi dalili. Hoton zan ce ya faɗi ya fashe. Abu ɗaya nake roƙo: kada ido na uku a garin nan ya ga abin da ka aiko min. Ka san mutanenmu. Ka amsa min da wuri.

Gwaggonka,
Zarghuna

*

Bradford
Satumba 1976

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ko da yake na ga gaisuwata ba ta kai a amsa ta ba. Tun watan Yuni nake duba ƙarƙashin ƙofa. Na gane. Ɗan bara ya yi magana, an ɗauke kai, kamar kullum.

Na koma na karanta wasiƙarki ta ƙarshe. Kin ce in ni namiji ne, maganar nan a zaure ake yin ta gaban maza. Na bi umarninki. Na sa an wanke hotunan da girma, na aika wa liman, da Malik Dilawar mai unguwa, da shugaban makarantar yara, da mai shayin tashar mota, don na san shi zai liƙa a bango. Kowanne na rubuta masa bayani a harshenmu da manyan baƙaƙe, yadda ko mai gajeren karatu zai haɗa. Abokin aikina da ya tafi gida ne ya ɗauke su a jakarsa, ya ce zai ba direban motar Bannu hannu da hannu.

Tunda kin bi tarihin jirgin nan da ni, bari in ƙarasa miki. Bayan Darwazai ya yi aiki a Kwetta, an canza masa inji. Daga nan aka mai da shi na koyon tuƙi a Ambala. Hoton ƙarshe a bayan wani rumbu ne, ba fiffike, ba inji, kaji suna kwana a kujerar da Kaka ya zauna. Ba wanda ya taɓa harbo shi. Tsufa ya yi ya mutu a kwance, kamar yadda wasu suke shirin yi.

Mista Haliwel ya ce da ya san abin da zan yi da bai taimake ni ba. Na ce masa da bai zuba mai ba da ba mu kai nan ba. Ya daina gaishe ni.

Wannan ki karanta wa babana duka, kada ki tsallake. Ki ce masa ya ɗaga kai. Daga yau ba shi ne zai sunkuya a zauren nan ba.

Baryalai

*

Bradford
Oktoba 1976

Gwaggo,

Yau wasiƙarki ta watan Yuli ta iso. Ambulan ɗin ya sha ruwa ya bushe, an buga masa hatimi cewa ambaliya ce ta riƙe buhun wasiƙun. Na karanta a tsaye a bakin ƙofa, ban je aiki ba.

Ban sani ba. Wallahi ban san ya sani ba. Ki je wurin liman ki karɓo, ki je wurin Malik, ki ce ƙarya ce, ki ce Bature ne ya haɗa su kamar yadda kika faɗa da farko, ki ce na haukace a nan. Zan rubuta musu da hannuna in ce haka. Ki fitar da babana daga garin, Turyalai ya kai shi Kohat wurin dangin uwata. Na buga wayar tangaraho ta gidan waya zuwa Bannu, ban san ko ta iso ba.

Ki rubuto ko layi ɗaya ne.

Baryalai

*

Darwazai
Nuwamba 1976

Baryalai,

Ka tambayi layi ɗaya, ga shi da ƙari. Ni lafiyata ƙalau. Turyalai lafiya. Babanka yana raye. Baba ya rasu.

Hotunanka sun iso lafiya, ba ruwan da ya taɓa su. Mai shayi ya liƙa su kamar yadda ka yi tsammani, har da fitila a kai. Mako na farko zaurenmu ya zama kango, ba mai shigowa. Yara suna bin bayan katanga suna kukan jirgi da baki. Baba bai motsa ba. Ya hana a sauke hoton, yana zaune ƙarƙashinsa yana jan carbi. In ka ɗauka shi abin ya ci, ba ka san shi ba.

A mako na biyu garin ya juya kan babanka. Da farko tausayi ne, ana riƙe masa hannu a masallaci. Sai tambaya: "To, Gul Mast, yanzu sai yaya?" Sai dariya. In ya shigo tasha a ce a matsa wa mai shayin Mir Alam. Wani ya ce tunda kunne ɗaya gare shi wataƙila bai ji ba, a maimaita masa, suka kewaye shi suna karanta bayaninka da ƙarfi, kalma kalma. Wata safiya ya tarar an rataya masa mayafin mace a ƙofa. Ya ninke shi ya ajiye a kan katanga ko mai shi zai zo nema. Daga nan ba mai tsayawa kusa da shi a sahu.

Na je wurinsa na ce ya tafi Kohat, tun kafin ka ce. Ya ce, "In na tafi, sunan da za a kira Baryalai da shi ke nan har jikokinsa." Ka ji. Har a lokacin kai yake tunani.

Malik Dilawar ne ya ara masa bindiga. Ba a roƙe shi ba, da kansa ya aika.

Ina zaure ranar, na kawo maganin la'asar. Babanka ya yi sallama, ya cire takalmi a bakin ƙofa kamar kullum. Ya riƙe bindigar yadda yake riƙe fartanya. Maza sun taru a waje, ba wanda ya shigo.

Baba ya dube shi ya ce, "Ka makara da shayin."

Babanka ya ce, "Baffa, ka yafe min."

Ya ɗaga, ya ja, ba abin da ya faru. Ya sake ja. Na taso, Baba ya ce, "Zauna, ke." Sannan ya ce masa, "Ba a ɗana take ba. Ja ƙarfen nan baya, ka mayar. Haka ubanka yake, komai sai an nuna masa."

Ya ja ya mayar. Ya rufe ido ya harba. Da ya buɗe su da ya yi mana sauƙi, don a ciki ta same shi, ƙasan cibiya. Na yi shekara ashirin da wani abu ina tsayar da jinin matan garin nan, na kasa tsayar da wannan. Babanka ya ajiye bindigar ya durƙusa yana taya ni dannawa da rawaninsa. Baba bai cika ba sai da aka kira magariba, kuma bai yi shiru ba sai ƙarshe. Ba zan rubuta maka abin da ya riƙa faɗa ba.

A waje an yi ta harbi sama, ana yi wa babanka barka. Ya ratsa su, ya kama hanyar Bannu da ƙafa, ya je ya zauna a ƙofar 'yan sanda ya ce su kama shi. Suka tambayi inda abin ya faru, ya faɗa. Suka ce can ƙasar ƙabilu ce, ba huruminsu ba ne, ya koma dattawansa su yi hukunci. Ya dawo. Yanzu yana zaune a ɗakinsa, ƙofa a buɗe, ba ya zuwa gona. Rumman ta fashe a kan itace, tsuntsaye suna ci. Ni nake aika masa abinci, ban san me ya sa ba. Na karanta masa wasiƙarka ta Satumba duka, ban tsallake ba, tunda haka ka ce. Da na kai wurin ɗaga kai sai ya juya min kunnen hagu.

Dattawa sun zauna sun ce jini ya biya jini, a bar ta nan. Amma mutanen da suka rataya mayafi a ƙofar babanka ba su gaji ba, sun gano ƙofarmu. Jiya Turyalai ya tarar da shi a jikin madubin motarsa. Ya ajiye tuƙi. Na riƙe shi da kuka, na riƙe shi da rantsuwa, na ga ƙarfina yana ƙarewa. Yau da safe ya ce min, "Inna, ba na son tsohon da ya rufe ido ya yi harbi. Baryalai nake so, wanda ya nuna gidanmu da hannu daga sama. Amma in bai zo ba kafin Babbar Salla, wanda ke kusa zan ɗauka."

Ban gaya wa babanka ba, don na san abin da zai ce in rubuta maka, kuma na gaji da ɗaukar saƙonsa zuwa inda ba a ji. Wannan nawa ne. Ba na roƙonka, ba na kuma hana ka. Kai yanzu masanin jirage ne. Ka nemi ɗaya ka hau.

Zarghuna, 'yar Mir Alam